Mamaci Ya Bar Bashin Katin Kiredit: Wa Zai Biya, Kuma Ta Ina Ake Farawa?

Wata guda da 'yan kwanaki bayan rasuwar mijin yayata, muna zaune ni da ita muna tsintar takardunsa daga cikin wata tsohuwar jaka, sai wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka ta buɗe murya, don a kwanakin nan ba ta iya riƙe magana ita kaɗai. Mace ce, muryarta a sanyaye. Ta fara da ta'aziyya, ta ce ta san halin da ake ciki. Daga nan ta gangaro kan abin da ya sa ta kira: marigayin ya bar bashin dala 6,400 a katinsa na kiredit, kuma ta tabbata iyali irin wannan ba za su so a bar sunansa da tabo ba. "Ko dala hamsin ki fara sawa yau," in ji ta, "don dai a ga kina da niyya."

Yaya har ta jawo jakar hannunta. Na dafe jakar na ce, "Yaya, dakata tukuna." Na karɓi wayar, na tambayi matar sunan kamfaninsu da adireshinsu, na ce su aiko da komai a rubuce, na kashe. Yaya ta dube ni, idonta ya ciko, ta ce, "To ai bashi ne. In ban biya masa ba, wa zai biya?"

Dukiyarsa ce za ta biya. Katin kiredit ya bambanta da katin cirar kuɗi da kake ɗibar abin da ka ajiye da kanka. A nan kuɗin banki kake kashewa, ka biya a ƙarshen wata, abin da ya kwana kuma kuɗin ruwa ya hau kansa. Yarjejeniya ce tsakanin banki da wanda ya sa hannu, kuma ba a jingina gida ko mota a kanta. Idan mai katin ya rasu, bashin yana nan daram, amma kan abin da ya bari yake komawa: kuɗinsa na banki, motarsa, kadarorinsa. In sun isa, a biya, magada su raba saura. In ba su isa ba, asarar ta banki ce. Zama ɗa, ko 'ya, ko ƙani, ko uwa bai ɗora wa kowa wannan bashin ba.

Sai dai akwai 'yan ƙofofi da bashin ke bi ya faɗo kan mai rai, kuma yawancinsu mutane da kansu suke buɗewa cikin ruɗewar makoki. Zan riƙa kawo misali da Amurka da Ingila, inda katin ya zama ruwan dare, dokokinsa kuma suke a fayyace. Ƙa'idar ta yaɗu a ƙasashe da dama, wa'adi da sunayen takardu ne ke sauyawa daga wuri zuwa wuri.

Mataki na farko: a ajiye katin, yau

Daga lokacin da mai kati ya cika, babu wanda ke da izinin taɓa katin. Har matarsa da ya yi wa ƙarin kati da sunanta, har ɗan da ya san lambar sirri, har wanda ke riƙe da takardar wakilci, domin wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya bayar da shi. Mutane da yawa a nan suke zamewa, kuma da kyakkyawar niyya: a biya kuɗin asibiti da ya rage, a sayi tikitin jirgi ga mai zuwa jana'iza, a ce ai hidimarsa ake yi. Banki ba ya duba niyya, ranar rasuwa yake dubawa a takarda, ya duba ranar da aka goga katin. Duk abin da aka kashe bayan wannan ranar yana wuyan wanda ya kashe, kuma ana iya kiransa zamba.

Ka tattara katunan ka sa a ambulan guda. Kafin ka yanka su, rubuta sunan banki da lambobi huɗu na ƙarshe na kowanne. Sannan ka tuna da kuɗaɗen da ke fita da kansu duk wata: Netflix, Amazon, kuɗin waya, inshorar mota, wurin motsa jiki. Wanda ba a buƙata a soke shi. Wanda gida ke buƙata, kamar wuta da intanet, a mayar da shi kan asusun mai rai. In kuma akwai asusun banki na haɗin gwiwa da ake cirar biyan katin daga ciki kai tsaye, a tsayar da cirar, don kada kuɗin mai rai ya riƙa zuba a bashin mamaci ba da saninsa ba.

Na biyu: takardar shaidar rasuwa, da sanin yawan bashin

Kusan duk ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, takardar shaidar rasuwa za a fara tambayarka. Ka karɓi kwafi da yawa masu hatimi tun a tashin farko, don wasu wuraren ba sa karɓar hoton takarda, wasu kuma in ka aika ba sa dawo da ita.

Sai neman bashin kansa. Walat ɗin marigayi, wasiƙun da ke shigowa, imel ɗinsa, manhajojin da ke wayarsa, da bayanan asusunsa na banki na watanni shida ko shekara, inda za ka ga sunayen waɗanda yake tura wa kuɗi duk wata. Mu a jakar nan muka tsinci katin da Yaya ba ta taɓa sanin yana da shi ba, na wani kantin kayan gini, da ɗan bashin da bai kai dala ɗari uku ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba kowane miji ke faɗa wa matarsa duka ba. Kada wannan ya zama abin tsegumi a gida. A rubuta shi a jeri kawai.

Hanya mafi tabbas ita ce kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Manya uku ne a Amurka da Ingila: Equifax, Experian da TransUnion. Matar marigayi ko mai kula da gado zai iya rubuta musu, ya haɗa da shaidar rasuwa, ya nemi abu biyu: kwafin rahoton marigayi, da kuma a sa alamar cewa ya rasu. Rahoton zai nuna maka asusun da aka buɗe da sunansa da matsayin kowa a kai. Alamar kuwa ita ke toshe ɓarayin bayanai, waɗanda ke bin sanarwar rasuwa suna buɗe sabon kati da sunan wanda ke kabari.

Na uku: mene ne matsayinka a kan asusun?

A nan za a daɗe, domin duk rigimar a nan take. Tambayar da za ka yi wa kanka ɗaya ce: na sa hannu a yarjejeniyar bashin, ko kuwa kati kawai aka miƙo mini?

Wanda aka yi wa ƙarin kati, mai izinin amfani ne kawai. Sunansa na jikin roba, yana saye da shi, amma bai nemi bashin ba, ba a duba albashinsa ba, bai yi wa banki alƙawarin komai ba. Wannan ba a bin sa bashin, ko da shi ya kashe mafi yawan kuɗin lokacin da mai katin ke raye. Yaya a wannan rukunin take. Katin na hannunta shekara takwas, har ta ɗauka nata ne, amma da takardar neman katin ta zo, sa hannun mijinta kaɗai ke ciki.

Wanda suka buɗe asusun tare, su biyu suka nema, su biyu suka sa hannu, labarinsa daban. Kowannensu ana bin sa bashin gaba ɗaya, ba rabi ba. Ɗaya ya rasu, duka ya dawo kan wanda ya rage. Haka wanda ya tsaya wa mutum aka ba shi kati: tsayawar tana nan bayan mutuwar wanda aka tsaya wa. A Amurka ana samun irin wannan asusun na mutum biyu, ko da yake bankuna da yawa sun daina buɗe shi. A Ingila kuwa katin kiredit na mutum ɗaya ne, na biyun mai ƙarin kati ne. Rancen banki da asusun haɗin gwiwa da aka ci fiye da abin da ke ciki su ne ke bin mai rai a can.

In ba ka tabbata ba, kada ka dogara da abin da mai waya ya gaya maka. Ka nemi banki ya aiko da kwafin takardar da aka cika lokacin buɗe asusun. Wanda ya ce ana bin ka, shi zai nuna sa hannunka.

Sai batun aure, wanda ya fi rikita mutane. A Ingila, da kuma mafi yawan jihohin Amurka, aure kaɗai bai sa mace ta gaji bashin katin mijinta ba, ko miji na matarsa. Amma akwai jihohi tara a Amurka da dokarsu ta ɗauki abin da ma'aurata suka samu a zaman aure, da bashin da suka ci a cikinsa, a matsayin na su biyu: Arizona, Kalifoniya, Aidaho, Luwiziyana, Nebada, Niyu Meziko, Tekzas, Washinton da Wiskonsin. A waɗannan jihohin ana iya bin dukiyar da ma'aurata suka tara tare don biyan katin da mace ba ta taɓa gani da idonta ba, muddin a cikin auren aka ci bashin. Bashin da mutum ya shigo da shi tun kafin aure yawanci nasa ne shi kaɗai. Kowace jiha a cikin taran tana da nata bambancin, saboda haka wanda ke zaune a ɗayansu ya ga lauyan gado kafin ya ce eh ko a'a. Kuɗin zama ɗaya da lauya bai kai abin da kuskure zai ci ba.

Ƙofa ta ƙarshe ta mai kula da gado ce. Shi ba a bin sa bashin don ya karɓi aikin, sai in ya yi aikin a karkace. Za mu zo kansa.

Na huɗu: mutum ɗaya ya riƙe ragama, da takardar kotu a hannu

In marigayi ya bar wasiyya ya ambaci wasiyyi, shi ne. In bai bari ba, kotun gado ke naɗa wani, galibi matarsa ko babban ɗa. Ko ta wace hanya, takardar da kotu ta bayar ita ce ke sa banki ya saurare ka. Ga dukiya kaɗan, wurare da yawa suna da gajeriyar hanya ta rantsuwa a rubuce, ba sai an yi doguwar shari'a ba, kuma magatakardan kotu zai gaya maka iyakar kuɗin.

Mai wannan aikin ya buɗe asusu na daban da sunan gadon. Duk abin da ya shigo ya faɗa can, duk abin da za a biya ya fita daga can. Kada kwabo ɗaya na mamaci ya bi ta asusunka. Ranar da 'yan uwa za su tambayi lissafi, kuma za su tambaya, bayanin asusun ne zai yi maka magana.

Sauran dangi kuma su san jumla ɗaya tak: "Ba ni ke kula da gadon ba, ga lambar wanda ke kula." Gidan da mutum biyar ke amsa waya, kowa na faɗin nasa, shi mai karɓar bashi ya fi so.

Na biyar: a sanar da banki a rubuce

Ka kira ɗin, ba laifi, manyan bankuna suna da sashe na musamman na asusun mamata, kuma ma'aikatansa sun fi na layin gama-gari sanin aiki. Amma ka bi kiran da wasiƙa, ta hanyar da za ta ba ka shaidar isarwa. A ciki ka sa sunan marigayi, ranar rasuwa, lambar asusu, kwafin shaidar rasuwa, da takardar da ta nuna kai ne mai kula da gado. Ka nemi a rufe asusun da duk ƙarin katunan da ke kansa, a dakatar da kuɗin ruwa da tarar jinkiri, a aiko da jimlar bashin kamar yadda take ranar rasuwa. Wajen sa hannu, ka rubuta matsayinka a ƙarƙashin sunanka: mai kula da gadon wane. Kada ka sa hannu da sunanka tsura.

A Amurka dokar katin kiredit ta 2009 tana bayanka. Da zarar mai kula da gado ya nemi jimlar bashi, banki zai ba shi cikin lokaci, kuma kwana 30 ne ma'aunin da aka sa. Daga ranar neman, ba zai ƙara ɗora tara ko wani caji ba. In aka biya jimlar duka cikin kwana 30 da sanar da ita, kuɗin ruwan da ya taru a tsakani ma yana faɗuwa. Wannan sassaucin ba ya aiki in akwai abokin haɗin asusu da ke raye. A Ingila bankuna kan daskarar da asusun da zarar an sanar da su, amma ka nema a rubuce duk da haka.

Ka ƙara tambaya ɗaya da mutane ke mantawa: akwai inshora a kan katin? Wasu sun yi shekaru ana cire musu ɗan kuɗi duk wata na inshorar da ke biyan bashin in an mutu, su kansu sun manta sun saya. Duba bayanin wata-wata, in ka ga wani ƙaramin caji mai maimaituwa da suna mai kama da kariya, bi shi. Haka kuma in katin irin wanda aka ajiye kuɗi a matsayin jingina ne kafin a bayar, banki zai cire bashinsa daga ajiyar ya mayar wa gado saura.

Na shida: masu karɓar bashi

Banki kan miƙa irin wannan bashin ga wani kamfani ya karɓo masa, ko ya sayar da shi gaba ɗaya da arha. Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan, bashin mamata, kuma sun san abin da baƙin ciki ke yi wa mutum. Ba za su ce maka "doka ta tilasta maka" ba, don sun san ƙarya ce da ke da hukunci. Za su ce "wa zai ɗauki nauyin wannan?", ko "me marigayin zai so?", su bar ka da kunyarka.

Baki shi kan yanka wuya. A waya kada ka ce "zan biya", kada ka ce "bashinmu", kada ka ba da lambar katinka ko ta asusunka, kada ka sa ko da ɗan abin nuna niyya. Ƙaramin biya ba lallai ya mayar da bashin naka ba a doka, amma kuɗin ya tafi, lambarka ta shiga hannunsu, kuma a wurare da dama yana sake sabunta wa'adin kai ƙara kan bashin, ko da wa'adin ya kusa cika. Abin da za ka ce gajere ne: ka ba ni sunanka, sunan kamfaninku da adireshi, ku aiko da bayanin bashin a rubuce. Ka rubuta rana da lokacin kiran.

A Amurka dokar tarayya ta 1977 ta ɗaure su da sharuɗɗa. Za su iya tattauna bashin ne da matar marigayi ko mijinta, da iyaye in mamacin yaro ne, da mai kula da gado. Sauran dangi kuwa ana iya kiransu ne kawai don tambayar inda mai kula da gadon yake, ba tare da an faɗa musu zancen bashi ba. Ba a kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Dole su aiko da bayanin bashin cikin kwana biyar da fara tuntuɓa, kana da kwana 30 ka musanta a rubuce, in ka musanta kuma sai sun tsaya har su kawo hujja. Tun ƙarshen 2021 an ƙara ƙa'idar cewa kiran da ya wuce sau bakwai cikin kwana bakwai kan bashi guda ana ɗaukarsa takurawa. In ka rubuta musu cewa su daina tuntuɓarka, sai su daina, ko da yake hakan bai goge bashin daga kan gado ba. Wanda ya karya waɗannan, ana kai ƙorafinsa ga CFPB, hukumar tarayya mai kare jama'a a harkokin kuɗi, ko babban lauyan jiha.

Wani mai kiran ma ba shi da alaƙa da kowane banki, ɗan damfara ne da ya ga sanarwar rasuwa a intanet. Alamarsa gaggawa, da neman a biya ta katin kyauta ko tura kuɗi nan take, da ƙin ba da adireshi.

Game da tsohon bashi: doka ta sa wa'adin da mai bin bashi zai iya kai ƙara. A Ingila da Wels shekara shida ne, a Sikotilan biyar, a yawancin jihohin Amurka tsakanin uku zuwa shida. In takarda ta zo kan katin da marigayi ya daina biya tun da daɗewa, ka duba ranar biya na ƙarshe kafin ka amsa komai a rubuce.

Na bakwai: kada a raba gado, kuma kada a biya mai ƙarfin murya da farko

Nan mai kula da gado ke shiga uku. Kuskure biyu ne, kuma duka biyun daga aljihunsa ake gyara su.

Na farko, raba gado kafin bashi ya gama bayyana. 'Yan uwa sun matsa, wannan na son motar, waccan na da kuɗin makaranta, sai ka raba don a zauna lafiya. Bayan wata uku takarda ta zo da bashin dala dubu huɗu, kuɗi kuwa sun watse. Masu bin bashin kai za su nema. Maganin wannan shi ne sanarwa da jira. A Ingila da Wels mai kula da gado yana buga sanarwa a jaridar gwamnati da ake kira Gazette, da wata jarida ta yankin, ƙarƙashin dokar amintattu ta 1925, ya jira aƙalla wata biyu. In wa'adin ya cika, bashin da bai sani ba ya fita daga wuyansa, ko da yake mai bashin zai iya bin magadan da suka karɓi rabo. A Amurka jiha ce ke yanke wa'adi: a Kalifoniya wata huɗu ne daga ranar da kotu ta ba da takardar kula da gado, a Niyu Yok wata bakwai. Ka gaya wa dangi ranar tun da wuri, kowa ya san abin da ake jira.

Na biyu, biyan bashi ba bisa jeri ba. In dukiya ta isa kowa, jerin bai dame ka ba. In ba ta isa ba, doka ta tsara wa ke gaba. Tsarin kan fara da masu jingina, su ɗauki abin da aka jingina musu, sai kuɗin jana'iza da na hidimar gado, sai haraji da wasu basussuka da doka ta fifita, sannan marasa jingina a ƙarshe. Katin kiredit a wannan layin na baya yake, shi ya sa masu shi suka fi kowa saurin kira. A Amurka wasu jihohin ma sukan ware wa matar marigayi da ƙananan yara wani kaso kafin a zo kan masu kati. Sannan wanda ya biya wani bashi ya bar na gwamnatin tarayya, alhali dukiya ba ta isa ba, dokar tarayya ta ce shi da kansa za a bi.

Ga misali da lissafi. A ce mutum ya bar dala 9,000 a banki, aka sayar da motarsa 5,000, jimla 14,000. Jana'iza da hidimar kotu suka ci 8,000, haraji 1,000, saura 5,000. Ana bin sa 6,000 a kati ɗaya, 3,000 a wani, sai abokinsa da ya ranta masa 1,000. Bashi 10,000, kuɗi 5,000, wato kowa rabin nasa zai samu: 3,000, da 1,500, da 500. Sauran ya bi ruwa, magada ba su samu komai ba, ba a kuma bin su komai. Amma da mai kula da gado ya kwashe dubu biyar ɗin ya ba mai katin farko don ya dame shi da waya, da sauran biyun suna da haƙƙin neman 2,000 a wurinsa. Ka lura da abokin nan. Ba shi da hatimi, ba shi da lauya, watakila kunya ma ba za ta bar shi ya yi magana ba, amma in bashinsa ya tabbata, layinsu ɗaya da banki. In ka ga alamar bashi ya fi dukiya, kada ka biya kowa sai ka ga lauya.

Ko dukiya ta isa, ana iya neman ragi. Kamfanin da ya san zai jira watanni, ko zai iya tashi a tutar babu, sau da yawa yakan karɓi ƙasa da jimlar a rufe magana. Sharaɗin shi ne yarjejeniyar ta zo a rubuce kafin kuɗi su fita, tana cewa wannan biyan ya kashe bashin gaba ɗaya.

Abin da masu kati ba sa kaiwa gare shi

Ba duk abin da mamaci ya bari ke shiga tukunyar biyan bashi ba. Inshorar rai da aka rubuta sunan mai karɓa tana tafiya kai tsaye ga mai sunan. Haka yawancin kuɗin fansho da aka ambaci magajinsu. Gida ko asusun da aka mallaka tare bisa sharaɗin in ɗaya ya mutu ya zama na ɗayan, shi ma galibi yana wucewa ta gefe. In mai karɓar bashi ya tambaye ki ko kin samu kuɗin inshora, ba dole ki amsa ba. Kuma kada a zuba irin waɗannan kuɗin a asusun gado, don da zarar sun cakuɗa, rarrabe su aiki ne. Akasin haka, inshorar da ba a sa sunan kowa ba, ko aka sa gadon kansa a matsayin mai karɓa, ta zama dukiyar da ake biyan bashi da ita.

In zuciyarka ta ce ka biya masa

Tambayar Yaya ba ta doka ba ce kawai, na san haka tun a ranar. Musulmi ya taso da sanin nauyin bashi a kan mamaci. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sun maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi, malaman gado kuma sun jera: hidimar jana'iza, bashi, wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. An san kuma labarin gawar da Annabi (SAW) ya dakata da yi mata salla saboda bashi, har Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Abu Ƙatada da kansa ya ɗauka, ba a ɗora masa ba. A shari'a ma dukiyar mamaci ake bi, abin da magaji ya ƙara daga aljihunsa kyautatawa ce.

Wanda ke da hali ya so yin wannan alherin, ya yi, amma a ƙarshe, ba a farko ba. A bari dukiya ta biya iyakar abin da za ta iya. A san ainihin abin da ya rage bayan an cire tara da cajin da aka ɗora bayan rasuwa. A nemi ragi. Sannan a biya ta hannun mai kula da gado, da wasiƙar da ta ce wannan biya ne na ganin dama a madadin marigayi, mai biyan bai karɓi bashin a kansa ba. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne matar da aka bari da marayu ta ci sabon bashi da sunanta don ta kashe tsohon da ba a bin ta, ko ta yarda a mayar da jimlar kan katinta don an ce za a rage mata kuɗin ruwa. Da ta sa hannu, ya zama nata har abada.

A namu, kuɗin da ke asusun marigayi da abin da aka samu a motarsa sun isa. Bayan wa'adi ya cika aka biya katunan biyu daga asusun gado, na nemi kowane kamfani ya aiko da takardar cewa an biya, an rufe, ba a bin komai. Na sa su a fayil guda da shaidar rasuwa, da takardar kotu, da rasit ɗin gidan waya, na ce Yaya ta ajiye inda take ajiye fasfo. Shekara biyu bayan haka wani kamfani da ba mu taɓa jin sunansa ba ya rubuto yana neman dala 6,400 ɗin nan, har da ƙari. An sayar musu da tsohon jerin sunaye ne da ba a gyara ba. Yaya ba ta ma kira ni ba sai da ta gama: ta ɗauki hoton takardar rufewar, ta haɗa da layi biyu na musantawa, ta aika ta hanyar da ake sa hannu a karɓa. Ba su sake rubutowa ba.